Awon Yumɓu

Motata ta mutu a kan hanyar Tsafe zuwa Gusau wata ranar Alhamis da hantsi, allurar mai tana nuna rabin tanki. Inna tana kwance a kujerar baya, ƙafarta ta hagu a kan matashi. Ciwon suga ne ya buɗe mata gyambo a dunduniya, likita kuma ya ce duk mako biyu a kawo ta asibiti a Gusau a duba, a wanke, a sake ɗauri. Ni ne babban ɗanta, ni ne mai mota, don haka ni ke zuwa Tsafe in ɗauko ta, in an gama in mayar da ita, sannan in dawo gidana a unguwar Damba, cikin Gusau.

Wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san ba wurin tsayawa ba ne. Daji ne hagu da dama, kuma kowa ya san waɗanda ke cikinsa. Motoci suka riƙa wuce mu a guje. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da na ga mota tsaye a wurin ba zan taka birki ba. Na murza makulli ya fi a ƙirga. Na buɗe gaba na tsaya ina kallon inji kamar na san abin da nake nema, alhali ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, sanina da mota bai wuce zuba ruwa a lagireto ba. Can sai wani manomi a kan babur ya tsaya. Ya jijjiga motar, ya kasa kunne wajen tanki, ya ce, "Malam, ai babu ko ɗigo." Na ce masa allura tana kan rabi. Ya ce to shi dai bai ji motsin komai ba. Ya zare tiyon babur ɗinsa ya tsiyaya mini mai a gorar ruwa har sau biyu, da shi muka lallaɓa zuwa gidan mai na farko.

Mako biyu bayan haka na je ɗaukar Inna, na same ta zaune a tabarma ko mayafi ba ta ɗauko ba.

"Ba ni shiga motar ga," in ji ta.

"Inna, na cika tanki. Ga jarka guda cike a but."

"Na jiya. Ba ni shiga."

"To mi ad dalili?"

Ta ɗan jima tana gyara tsumman ƙafarta, sannan ta ce, "Ba kai kac ce allura ta yi maka ƙarya ba? To ni ba ni shiga mota mai ƙarya."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce mata allura ba ita ke tafiyar da mota ba, in akwai mai ko an cire allurar an jefar motar za ta tafi. Ta ce ta ji. Na kawo zancen motar haya, alhali na san ba zai yiwu ba, don mutum huɗu ake dannawa a baya, ƙafar nan kuwa ba ta lanƙwasuwa. Ta ce ita ma ba ta shiga. Ina da saurin fushi, kowa ya sani, amma ba a yi wa Inna fushi, saboda haka sitiyari na huce wa a hanyar dawowa.

Na kira likitan na gaya masa. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce an riga an tsallake zuwa ɗaya, in aka tsallake Alhamis mai zuwa kuma gyambon ya soma baƙi, to magana za ta koma ta yanke ƙafa. Daga nan lissafina ya zama guda ɗaya: kafin Alhamis sai allurar nan ta faɗi gaskiya.

Ranar Asabar na kai motar wurin bakanikena. Shi ya fara nuna mini inda matsalar take. Ya ɗaga kujerar baya, ya kwance wani faifan ƙarfe, sai ga saman tanki. Ya ce a ciki akwai wani abu da suke kira fulota, ɗan ƙwallo ne a bakin sanda yana iyo a kan mai, in mai ya sauka ya bi shi ƙasa, shi ke gaya wa allura inda za ta tsaya. Abin da ya riƙe shi kuwa wani zobe ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa kamar murfin ƙaramar tukunya, da haƙora a kewaye. Sai an murɗe zoben nan fulota ke fita.

Ya ɗauko sukundireba da guduma. Ya kafa bakin sukundireba a jikin haƙori ɗaya ya buga. Haƙorin ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin kujerar direba. Ya matsa na gaba ya buga, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Da ya ɗaga guduma karo na uku na riƙe hannunsa.

"Haka muke yi kullum, Malam," in ji shi.

"Kuma haka suke karyewa kullum?"

"Wani ya karye, wani ya buɗe. In ya fashe a sa sabo."

Na bar motar a wurinsa na bi shagunan kayan mota na Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya. Babu zoben. Motar tsohuwa ce, an daina kawo kayanta. Wani mai shago ya nuna mini hoto a wayarsa, ya ce akwai sifana ta musamman mai kama haƙoran a lokaci guda, amma shi bai taɓa ganin ta a hannun kowa ba, in an aika a kawo kuwa sai ta fi mako. Na koma gareji na tarar dukan nan ya ɗan gusar da zoben, bai buɗe ba, bai kuma zauna daidai ba. Kafin in isa Damba warin fetur ya cika motar har idona na ruwa. Na ajiye ta a gindin darbejiyar ƙofar gida, na tsiyaye mafi yawan man, na buɗe gilasai. Na fita da safe da allura mai ƙarya, na dawo da la'asar da allura mai ƙarya da tanki mai tsatsafo.

Maiɗakina ce ta ce, "Ba ga kawunka maƙeri ba? In hoto ne ka gani, ya ƙera maka."

Na ji haushin ba ni na fara tunawa ba. Na ɗauko rula da kamfas na ɗalibai, na durƙusa a bayan mota na auna zoben ta kowane gefe. Na zana shi a takarda tsaf, da faɗinsa, da tazarar haƙora, har da gurbin biyun da suka karye.

Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidansu na ƙira ne a Bungudu tun kaka da kakanni, aure ne ya kai Inna Tsafe. Lahadi da safe na shiga motar haya na same shi a rumfar ƙofar gidansa. Bazara ce, makarantu na hutu, manoma kuwa na shirin ruwa, rumfar cike da masu jiran fartanya da galma da sungumi. Muka gaisa, ya tambayi ƙafar yayarsa, na ba shi labari tun daga farko. Sannan na miƙa masa takardata. Ya riƙe ta a juye, kanta a ƙasa.

"Wanga mi na?"

"Awo na, Kawu. Ga santimita nan na rubuta."

"Malam mai alli, ƙarhe bai san santimita ba. Kawo min abin in taɓa shi da hannu."

"Kawu, da yana hita ai da ban zo ba."

"To kawo motar."

Na gaya masa zancen warin mai. Ya dubi wutarsa ya ce a'a, ta zauna inda take. Na ce to ya zo Gusau mu je tare. Ya nuna mini mutanen da ke zaune da bakin awartaki. Sai ya ɗaga murya ya kira matarsa ta bayan danga. Iya muke ce mata, ginin tukwane take yi. Ta miƙo curin yumɓu a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kawu ya ce haka yake yi wa duk abin da ba ya ɗaukuwa, ko bakin ƙofa ne ko ramin makulli. In je in danna yumɓun a kan zoben, in ɗago a hankali, in kawo masa.

Har na miƙe ya ce, "Ita yayar tawa, allura tac ce?"

"Haka tac ce."

Ya dube ni kaɗan. "To," in ji shi, ya koma kan masabarsa. Ban ji daɗin wannan "to" ɗin ba, amma ban tsaya tambaya ba.

Litinin da sassafe na shimfiɗa siririyar leda a kan zoben don kada ƙasa ta shiga tanki. Na lailaya yumɓun kamar waina babba, na ɗora, na bi shi da yatsu. Da na ɗago, abin ya ba ni sha'awa. Kowane haƙori ya fito, har gurbin da guduma ta cinye. A nan ne kaina ya kawo mini dabara. Na tuna yadda ake matse mutum a motar haya, na ce wannan abu mai laushi kafin Bungudu wani ya danne shi da gwiwar hannu, aiki ya lalace. Sai na ɗora shi a kan faifai na haura da shi saman kwanon ɗaki. Ranar bazara ta Gusau ta yi aikinta. Da azahar na hau na juya shi, da la'asar na ƙwanƙwasa shi da farce na ji yana ƙara. Har na kira maiɗakina in nuna mata abin da su Kawu ba su taɓa tunanin yi ba. Ta ce Allah ya sa albarka, ta koma kan girkinta.

Talata na kai shi. Kawu ya karɓa, ya juya, ya shafa haƙoran da babban yatsa, ya ce yanzu na yi magana. Ya zaɓo wani faffaɗan ƙarfe daga tarin da ke gefensa ya cusa a gawayi. Zugazuginsa na zamani ne, ƙafar keke ce ake juyawa da hannu, kuma ni ya nuna wa. Na naɗe hannun riga na juya har kafaɗata ta yi tsami. Da ƙarfen ya yi ja ya tsaga kansa ɗaya gida biyu da kurfi, ya ware su kamar gwafa, ya zama yana da ƙafafu uku. Ya lanƙwasa bakin kowanne ƙasa, ya daddale shi, ya yi masa ɗan tsagi inda haƙori zai shiga. A tsakiya ya kafa kunne inda za a zura sanda a murɗa. Bayan kowane duka biyu ko uku sai ya kawo shi saitin yumɓun ya duba, ya mayar wuta.

Masu jiran fartanya suka sami abin hira. Wani ya ce ashe Malam murhu ya zo saye. Wani ya ce a ɗora masa tukunya a gani ko za ta zauna. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da ƙarfen ya huce Kawu ya bi shi da magagari, sannan ya yanko robar tsohon tif na keke ya naɗe bakin ƙafafun, ya ce ƙarfe tsirara ba ya kusantar mai. Ya kifa shi a kan yumɓun. Ƙafafu uku suka faɗa gurbinsu kamar a nan aka haife su.

Ban bari na sha ruwa ba da na iso gida. Na cire kan batir kamar yadda bakanike ya gargaɗe ni, na buɗe ƙofofi huɗu, na durƙusa, na ɗora ƙarfen a kan zoben. Ƙafa biyu suka shiga, ta ukun ta tsaya a kan gefe. Na juya shi. Wasu biyun suka shiga, ɗaya ta ƙi. Na gwada ta kowace fuska, har na kifa shi ta baya don in cire wa kaina shakka. Na ɗauko rula. Zoben yana nan yadda na rubuta ranar Asabar, ƙarfen kuwa ya gaza da kusan santimita guda.

Na zauna a ƙasa jingine da taya. Saura kwana ɗaya cur, ga ƙafar Inna tana can cikin tsumma tun makonni uku ba likitan da ya gan ta. Tsoro ya kama ni, ni kuwa tsoro ba ya daɗewa a cikina sai ya zama fushi. Na yanke hukunci cewa idon Kawu ya tsufa, kuma duk abin nan ya faru ne saboda ya raina takardata.

Laraba tun kafin ya gama hura wuta na iso. Gaisuwar ma a taƙaice na yi ta, abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ajiye ƙarfen a gabansa na ce bai shiga ba, ya yi kaɗan.

Kawu bai ɗaga kai ba. Ya miƙa hannu saman rumfa ya sauko da yumɓun, ya kifa ƙarfen a kai. Ya zauna daram.

"Ga shi ya shiga," in ji shi.

"Ga yumɓu ya shiga. Ga mota bai shiga ba."

"Yumɓun ga daga ina yah hito?"

"Daga motar."

"To?"

Shekara da shekaru ina koya wa yara cewa in na farko daidai yake da na biyu, na biyu kuma daidai da na uku, to na farko da na uku ɗaya ne. Ga shi nan a gabana, a ƙasa, cikin toka, ya ƙi. Yumɓu daga zobe ya fito. Ƙarfe ya hau yumɓu. Ƙarfe ya ƙi hawa zobe. Na maimaita wannan a fili har sau biyu, ina nuna kowanne da yatsa, ko wani zai ga inda ya ɓalle.

Mutanen rumfa suka shigo ciki. Wani dattijo ya tambaya ko motoci biyu gare ni, wataƙila na danna a wata na gwada a wata. Na ce guda ce. Wani ya ce roba kumbura take yi in ta sha mai, shi ya gani a bututun injin ban-ruwansa. Na ce na auna, ba ta ƙaru ba. Ya ce to ko rular ce ta kumbura. Wani ya ce in karanta wani abu in tofa kafin in sake gwadawa, don akwai aikin da ba ya son a zo masa da gaggawa. Kawu kuwa ya ce shi abin da aka kawo masa ya bi, kuma bai taɓa ƙera abu a kan yumɓu ya dawo ba. Muryata ta fara hawa. Na ce da an bi takarda da yanzu an wuce wurin. Ya ce to in ba takardar masaba ta ƙera mini.

Sai muka ji dariya ta bayan danga. Iya ce. Ta ce a miƙo mata yumɓun ta gani. Aka miƙa ta saman kara. Na ji ta ƙwanƙwasa shi.

"Malam, shanya shi kay yi?"

"Na shanya shi, Iya. Don kada shi lotse cikin mota."

"Ga rana?"

"Bisa kwano."

Ta sake yin dariya, irin ta wadda ba ta son ta ci mutuncin mutum amma abin ya fi ƙarfinta. Ta ce yumɓu in ya bushe tsukewa yake yi. Ta ce ko yarinyar da ta fara koyon gini jiya ta san in ana son murfi ya hau tsohuwar tukunya sai an yi shi ya fi bakinta faɗi, don rana za ta ci rabonta. Ta ce jiƙaƙƙen tsumman da ta naɗe shi da shi ba ado ba ne, a cikinsa ake dawo da shi.

Kawu ya dube ni, na dubi ƙasa. Shi ma dai bai lura ba, don kullum ɗanye ake kawo masa, bai taɓa tambayar dalili ba, amma ba ni da bakin faɗin haka a lokacin. Na ce to yanzu sai in koma Gusau in sake dannawa, in dawo, rana ta ƙare. Na fito da takardata a hankali na ce ko a duba wannan. Kawu ya ce in mayar da ita aljihu.

Iya ce ta raba mu. Ta ce ta san yumɓunta, daga bakin gulbi ɗaya take ɗebo shi tun tana amarya. Abu mai wannan faɗin, ƙaramin yatsanta guda yake ci. Ta zuro hannu ta tsakanin kara, Kawu ya karyo tsinke ya auna faɗin ɗan yatsan matarsa, ya gutsure da haƙori. Na koma kan ƙafar keke ina juyawa. Ya kwance robar, ya mayar da ƙarfen wuta, ya buɗe ƙafafun kaɗan kaɗan yana gwadawa da tsinken. Da ya tafi wanke hannu na zaro rula a ɓoye na ɗora. Ya yi daidai da abin da ke cikin takardata, ko gashi bai ragu ba. Na rasa ko murna zan yi ko haushi zan ji. Awona daidai ne tun farko, kuma ni na ɓata aikin, kuma yatsan Iya ne ya gyara. Na nemi gafarar Kawu kan gaisuwar safe. Ya ce in tafi rana na yi.

Bayan azahar na durƙusa a bayan mota karo na ban san nawa ba. Ƙafafu uku suka kama haƙora uku. Na zura guntun rodi a kunnen, na yi bisimilla, na danna. Da farko bai motsa ba. Na ƙara nauyi, sai na ji ya yi ɗan ƙara ya saki, ya riƙa juyawa da kansa kamar murfin kwalba. Na zaro fulotar a hankali tana ɗigar mai. Sandar ta ƙage a tsakiya, wani baƙin datti mai danƙo ya kama gaɓarta, irin wanda man bumburutu ke bari. Ko da yatsa na tura sai da ƙyar ta motsa. Na wanke ta da mai da tsohon buroshin haƙori har ta riƙa faɗuwa da kanta. Na gyara robar bakin tanki da dukan guduma ya murguɗe, na mayar da komai, na ɗaure da ƙarfen Kawu. Na haɗa batir na murza makulli. Allura ta ɗan tashi ta tsaya can ƙasa, kusa da ja. Ban taɓa murnar ganin tanki ba mai irin ta wannan rana ba. A gidan mai na sa ido a kanta tana hawa har ta kai ƙarshe.

Na kira Inna kafin magariba na ce mata allura ta gyaru. Ta ce Allah ya kai mu goben. Sannan ta ce in taho da wuri, in kuma sauke jarkar nan da duk tarkacen da ke but. Na ɗauka ta yarda da allurar ke nan har ba ta son ganin jarka. Na ji daɗi ƙwarai.

Alhamis da hantsi na shiga gidanmu na Tsafe da sallama, na tsaya turus. Akwatin ƙarfenta yana tsakar gida. Ga ƙullin kaya uku, ga tabarma a naɗe, ga kwanoninta an ɗaure da igiya, buta a sama. Turken awaki babu komai sai igiya. Inna na zaune a kujera 'yar tsugunno da mayafinta, maƙwabciyarta mai yi mata girki tana tsaye tana share ido.

"Inna, ina za a kai kayan ga?"

"Gidanka. Ba ni dawowa."

Tun rasuwar Baba nake roƙon ta ta dawo Gusau. Na roƙa, ƙannena sun roƙa, har Kawu mun sa ya yi mata magana. Amsarta ɗaya ce kullum, daga ɗakin nan sai kabari. Sai na ji bakina ya ce, "Ai na gyara allurar."

"Wace allura?"

"Ta mai. Wadda kic ce."

Ta kaɗa hannu. "Ni ina ruwana da allura. Ranar da munka tsaya cikin daji ina kwance ina kallon ka ta gilashi. Kai kana kallon daji, ni ina kallon ka. Nic ce ma kaina, in sunka hito ba tsohuwa mai ruɓaɓɓar ƙahwa za su ɗauka ba, ɗana za su ɗauka. Kuma duk zuwa guda sau huɗu kaka bin hanyar ga sabadda ni. To yau ka bi ta sau biyu, shi ke nan."

"Mi ya hana ki gaya min?"

"Da na gaya maka cewa za ka yi ba komai, Allah na nan. Na san ka. Kuma ni ma ina son kwanakin da zan yi bankwana da mutane."

Na tsaya da makullin mota a hannu. Na ji kunya, na ji tausayi, na ji haushi ban san na wa ba. Mako guda ina yawo tsakanin Gusau da Bungudu ina faɗa da ƙarfe da yumɓu, ita kuwa tana nan tana raba awakinta, tana bin gidaje da sanda a kan ƙafar da likita ya hana ta takawa.

Na loda kayan, but ya cika har sai da na ɗaure murfinsa da igiya. Inna ta miƙe da ƙyar ta ja ƙofar ɗakinta, ɗakin da ta haife mu duka a ciki. Ta sa kwaɗo da hannunta, ta miƙa wa maƙwabciyar makullin, ta ce in damina ta sauka a riƙa duba kusurwar gabas, tana yoyo. Muka kwantar da ita a kujerar baya, na gyara mata matashi.

A bakin gari hanya ta bi ta gefen maƙabartar da Baba yake. Na ɗaga ƙafa daga totur, na fara neman inda zan raɓe.

"Kada ka tsaya," in ji Inna. "Na zo jiya."

Ban tsaya ba. Na ji tana yi musu sallama a hankali daga kwance, don daga inda take ba ta iya hango katangar. Na share idona da hannun riga, na sa giya ta uku, muka kama hanyar Gusau.